Ippo ya ajiye safar hannu: laifin marubuci ne, ko na Kumi, ko dama can haka labarin ya dosa?

Tambaya: Yaya, na gama kallon Hajime no Ippo, fim ɗin zane na Japan kan ɗan dambe Ippo, zango ukun duka. Sai na ji ana cewa a littafin zanen Ippo ya daina dambe bai taɓa cin kambun duniya ba. Wasu sun ce dama yaron ba shi da buri tun farko, wasu sun ce marubucin ne ya lalata labarin, wasu kuma Kumi, yarinyar da Ippo yake so, suke zagi. Tun da ka taɓa dambe, kuma ka daɗe kana bin labarin, wa ke da gaskiya?

Amsa: Ƙanena, abin da ka ji haka yake. Kuma tun da kai ka tambaya, zan buɗe maka abubuwan da fim ɗin bai kai gare su ba, don amsar ba za ta yiwu ba sai da su.

George Morikawa ya fara buga labarin nan a mujallar Weekly Shōnen Magazine a 1989, kuma littattafan sun haura 140. Abin da ka kalla, wato zangon farko na 2000 zuwa 2002, da New Challenger na 2009, da Rising na 2013 zuwa 2014, bai kai ko rabin tafiyar ba. Kai ka bar Ippo yana riƙe da kambun Japan na ajin da ba a wuce kilo 57 da ɗoriya, yana ta kisa. Masu karatu kuwa sun bi shi har ya kare kambun sau 8, ya ajiye shi don ya fuskanci duniya, ya sha kashi a hannun Alfredo Gonzales na Meziko, ya dawo ya sake faɗuwa a hannun Antonio Guevara na Filifin a babukan da suka fito a ƙarshen 2017, sannan ya yi ritaya. Wasa 26, ya ci 23 duk da kisa, an ci shi 3. Mutumin da ya shafe kusan shekara talatin yana jiran ranar da Ippo zai tsaya gaban Ricardo Martínez, zakaran duniya na ajinsu, aka wayi gari aka ce masa yaron ya koma jirgin kamun kifi, ai dole ransa ya ɓaci. Ni ma nawa ya ɓaci, na yi makonni ban buɗe sabon babi ba.

Amma masu cewa ba shi da buri sun hango wani abu na gaskiya, sai dai sun kira shi da sunan da ba nasa ba. Kuma masu cewa marubucin ya kauce hanya, ina ganin sun manta da farkon labarin.

Koma ka sake kallon fitowa ta farko. Yaro ne maraya, mahaifinsa ya rasu a teku, yana tashi tun kafin asuba yana ɗaukar kayan masu zuwa kamun kifi a jirgin mahaifiyarsa. Ba shi da aboki saboda ba shi da lokacin yin abota. Umezawa da yaransa suna lakaɗa masa duka a ƙarƙashin gada, wani ɗan dambe mai suna Takamura ya zo wucewa ya cece shi. Da ya ce yana son ya zama ɗan dambe, Takamura ya girgiza bishiya, ya cafke ganyen da ke zubowa, ya ce masa in ya iya kama guda goma cikin mako ɗaya to ya dawo. Yaron ya yi ta yi dare da rana har ya kama goman da hannun hagu kaɗai, alhali shi Takamura da hannu biyu ya yi. Duk halin Ippo yana cikin wannan ganye goma. A ba shi aiki, zai yi fiye da yadda aka ce. Amma wani ne ya girgiza bishiyar, wani ne ya faɗi adadin, wani ne ya yanka wa'adin. Bai taɓa cewa yana son kambu ba. Abin da ya tambaya shi ne mene ne ƙarfi, kuma yaya mutum yake ji in ya zama mai ƙarfi. Wannan tambaya ce ta yaron da aka daɗe ana takawa, ba kirarin mai neman sarauta ba.

Mu da muka saba ganin ɗan dambe ya fito fage yana kirari, makaɗi na zuga shi, yana kiran sunan wanda yake nema, irin Ippo yana mana wuyar fahimta. Yana rusunawa yana gode wa wanda ya gama dukansa. To irin wannan mutum, me ke kai shi cikin igiya?

Na farko Miyata ne, babban abokin hamayyarsa. Sun yi gwaji sau biyu a ɗakin horon Kamogawa, Miyata ya ci na farko, Ippo ya ci na biyu, Miyata ya bar gidan don su haɗu a matsayin ƙwararru. Suka yi alkawarin wasan ƙarshe na gasar sababbin 'yan dambe ta gabashin Japan, sai Mashiba ya taka wa Miyata ƙafa a wasan kusa da na ƙarshe ya kayar da shi. Aka ɗaga alkawarin. Shekaru suka wuce, Miyata yana azabtar da jikinsa da yunwa da ƙishirwa don kada ya wuce ajin Ippo, har aka sa ranar wasan. Sai ga Randy Boy Junior, ɗan mutumin da ya karya wa mahaifin Miyata muƙamuƙi ya kawo ƙarshen dambensa. Miyata ya durƙusa gaban Ippo, goshi a ƙasa, ya roƙi a fasa. A ganina tun a ranar Ippo ya fara ritaya, ko da yake ya yi wasanni da yawa bayanta.

Na biyu kuma, wanda ya fi nauyi, shi ne kocinsa, tsoho Kamogawa. Ippo yana dambe ne don ya tabbatar wa duniya cewa damben kocinsa daidai ne. Ka lura da lokutan da ya yi fushi na gaske, ba su da yawa. Akwai Sawamura, wanda ya kai wa Kumi hannu. Akwai Kojima, a wasansa na ƙarshe na kare kambun Japan, wanda ya yi ta aibata abokan karawarsa na baya Ippo yana haƙuri, sai da ya taɓa kocin sannan fuskar yaron ta canza, ya gama da shi da naushi ɗaya a turmin farko. Ko a wasan Guevara, da ya ji jikinsa ya fara ƙin bin umarninsa, abin da ya dame shi ba faɗuwa ba ce. So yake ya nuna wa tsohon sabon salon naushinsa na Dempsey Roll da suka sha wahalar ginawa tare, ko sau ɗaya ne, kafin komai ya ƙare. Bai samu ba, ya faɗi a turmi na 4.

Ƙara da kayan da Date Eiji, tsohon zakaran Japan na ajinsu, ya ɗora masa. Ka ga wannan a New Challenger: Date ya koma wa Ricardo karo na biyu, aka karya masa haƙarƙari da muƙamuƙi da hannu, yana kwance a asibiti ya miƙa wa Ippo ragowar aikin. Ippo ya karɓa saboda ba ya iya cewa a'a ga wanda yake girmamawa. Alkawarin Miyata, mutuncin koci, amanar Date: duk na wasu ne. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. A cikin Japan sun rufe, saboda ƙarfin naushinsa da taurin ransa sun ishe shi. Da aka fita waje sai katarar ta bayyana.

Gonzales ya faɗi sau biyu a hannun Ricardo, kuma duk rayuwarsa ta tattaru a kan karo na uku. Sendō na Osaka yana son ya gwabza da mafi ƙarfi don jin daɗin kansa. Volg ya baro Rasha, ya rasa mahaifiyarsa, ya tafi Amurka ba shi da kowa, dambe ne kaɗai abincinsa. Takamura ya ce aji shida zai ci, kuma ka ga abin da ya yi wa jikinsa kafin wasan Bryan Hawk, har leɓɓansa suka bushe suka tsage. Shi ya sa bayan wasan Gonzales Takamura ya ja layi a ƙasa ya gaya wa Ippo cewa daga nan zuwa gaba wurin dodanni ne, wanda yake son ya ci gaba da zama mutum kada ya tsallaka. Masu kallo da yawa sun ɗauki wannan a matsayin zuga, suna jiran babin da Ippo zai daka tsalle. Ni gargaɗi na ji. Takamura ya fi kowa sanin yaron, shi ya tsinto shi a ƙarƙashin gada.

Yanzu bari in zo kan jiki, don nan ne masu fushin suka fi yin sakaci, kuma nan ne abin da na sani da idona yake.

Ippo gajere ne, hannunsa ba shi da tsawo. Salonsa shi ne ya rufe fuska da safar hannu biyu, irin tsayuwar da aka san Mike Tyson da ita, ya sunkuya ya kutsa ciki. Dempsey Roll ɗin da ake yi wa ihu an ɗauko sunansa ne daga Jack Dempsey, zakaran duniya na masu nauyi daga 1919 zuwa 1926: kai yana lilo hagu da dama, kowane naushi yana tafiya da nauyin jiki gaba ɗaya. Abin da kyau a ido. Amma duk wanda ya taɓa riƙe wa yaro fad, wato matashin da ake naushi a atisaye, ya san cewa in kana jefa nauyinka gaba, wanda ya karanci lokacinka ya tare ka, ƙarfinka da nasa ne suke haɗuwa a haɓarka. Sawamura ya yi masa haka. Ricardo ma, a gwajin da suka yi kafin wasan Date, da hannun hagu kaɗai ya tsayar da salon. Sannan ka ƙirga wasannin da Ippo ya ci bayan an kumbura masa fuska, a wasu har an kai shi ƙasa: Sendō sau biyu, Volg, Sawamura, Shimabukuro. Mu muna tafi muna cewa ga jarumta. Ƙwaƙwalwa kuwa tana rubuta kowane ɗaya.

Tun 1928 wani likita Ba'amurke, Harrison Martland, ya yi rubutu kan halin da tsofaffin 'yan dambe suke shiga, abin da za mu iya kira buguwar naushi: tafiya tana tangaɗi, hannu yana rawa, magana tana nauyi, mantuwa tana yawa. Morikawa bai ɓoye wannan ba. Ka ga Nekota a ƙarshen Rising, abokin Kamogawa na zamanin bayan yaƙin duniya na biyu, yadda cutar ta raba shi da dambe yana ganiyarsa ya koma tsauni. Ba don ado aka sa wannan labarin ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka ma wadda ba za ta yi ba. Da alamun suka fara bayyana ga Ippo, sai ka ga naushin da da can ba ya ko girgiza shi yanzu yana zaunar da shi, yana kuskure nisan da ke tsakaninsa da abokin karawa, ya ɗauki alƙalami zai ja miƙaƙƙen layi a takarda layin ya karkace. Wannan zanen layin ya fi duk wani kisa da ke cikin littafin tsorata ni.

Dalili kuwa, na taɓa ganin irinsa. A wurin da nake atisaye da ƙuruciya akwai wani yaro mai ladabi, shi ke fara zuwa ya share wuri, shi ke ƙarshen tafiya. In koci ya ce zagaye goma, sha biyar zai yi. Bai iya kaucewa ba, amma yana da haɓa, sai kowa ya riƙa yabon haɓar. Wata rana bayan gwaji na ga ya zauna a benci yana son ya kwance igiyar takalminsa, yatsunsa suna ta zamewa daga kullin. Ya ɗago ya yi mini murmushi ya ce gajiya ce. Na tambaye shi me ya sa ba zai huta ba, ya ce ba ya son Malam ya ga kamar wahalarsa ta tafi a banza. Bai ce yana son ya zama zakara ba. Yayarsa ce ta zo daga baya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba zai ƙara sa safar hannu ba, mu kuma muka yi ta jin haushinta. Yau ina ganinsa a kasuwa yana lissafin kuɗinsa daidai, ya san sunan 'ya'yansa, ina gode wa Allah da ya kawo ta ranar.

To ka ga ra'ayina kan Kumi ke nan. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma ƙanwar Mashiba, iyayensu sun rasu, shi kaɗai gare ta. Tana ganin yayanta yana dawowa gida da fuska a fashe, tana ganin wanda take so ana kawo shi asibitin da take aiki. Me ake so ta ce? Ta ce ya ƙara? Masu zaginta suna zaune ne a inda jini ba ya fantsamo musu. Ko Muhammad Ali, likitansa Ferdie Pacheco ya bar shi a 1977 saboda ya ƙi jin shawarar ya daina, ya ci gaba har wasan Larry Holmes a 1980 da na Trevor Berbick a 1981, kuma ba na jin akwai mai ƙaunarsa da yake kallon waɗannan wasanni biyu da daɗin rai. Inda na yarda da masu suka shi ne yadda aka rubuta ta bayan ritayar. An mayar da ita mai gadi, duk inda aka ambaci dambe sai fuskarta ta murtuke, har abin ya zama abin ban dariya da ake maimaitawa. Mace mai hujja irin tata ta cancanci a bar ta ta faɗi hujjar da nutsuwa. Kuma soyayyar da aka fara tun shekarun 1990 har yanzu an kasa furta ta, wannan kam jan rai ne kawai.

Akwai sauran wuraren da masu ƙorafi suke da gaskiya, ba zan kare Morikawa a kansu ba. Wasan Wally na Indonesiya ya wuce hankali: yaron yana tsalle a kan igiya kamar ba ɗan Adam ba, Ippo ya kasa taɓa shi turmi bayan turmi, sannan a ce ɗan taɓin ciki da aka yi ta yi ne ya tsayar da shi. Wasannin da suka biyo bayan fasa na Miyata sun maida Ippo kamar wanda ya manta abin da ya iya, ba ya kaucewa, ba ya tunani, sai ya sha duka sannan ya tuna da atisaye. Za a iya cewa alamar lalacewar ce tun lokacin, amma a wurin mai karatu na mako-mako gajiya ce. Sannan ritayar kanta ta shafe sama da shekara shida ana bugawa. Mutum ya fara karatu yana sakandare, ya yi aure, ya haihu, Ippo yana nan yana riƙe da bokiti da tawul. Wannan ƙorafi a kan tsawo ne da saurin tafiya, kuma halal ne. Amma daban yake da cewa ritayar ba ta da tushe.

Ka kuma sani cewa irin wannan ɗaukar zafi ba sabon abu ba ne ga masu bin labarin dambe a Japan. A wannan mujalla dai aka buga Ashita no Joe daga 1968 zuwa 1973. Da Rikiishi, abokin hamayyar Joe, ya mutu bayan ya rage nauyi fiye da kima don su haɗu a aji ɗaya, sai da aka yi masa zaman makoki na gaske a ofishin Kodansha, kamfanin da ke buga mujallar, a 1970, ɗaruruwan mutane suka halarta, don mutumin da aka zana da tawada. Labarin ya ƙare da Joe zaune a kusurwa bayan turmi 15 da José Mendoza, kansa a sunkuye yana murmushi, ya ƙone ƙurmus. Wannan hoton ne ya zauna a zukatan masu karatu a matsayin yadda ɗan dambe na gaske yake ƙarewa. Morikawa kuwa yana da ɗakin horon dambe nasa a Tokyo, JB Sports, kuma ya sha tsayawa a kusurwar 'yan dambensa a wasanni na gaske. Mutumin da ya taɓa riƙe tawul yana shawarar ko ya jefa ko kada ya jefa, da wuya ya zana maka yaro yana cin naushi dubu ya tashi garau. Ya bar nasa jarumin ya sauko da ƙafafunsa, likita ya duba shi ya ce bai kai ga cutar ba tukuna, ya koma ya taimaki mahaifiyarsa. A wurina wannan ya fi ƙonewa wuyar rubutawa, saboda ba wanda zai tafa maka.

Kuma ritayar ba zaman banza ba ce. Ippo ya koma mai tsayawa a kusurwa, yana taimakon abokan horonsa su Kimura da Aoki da Itagaki, yana horar da yara biyu, Taihei da Kintarō. Karo na farko a rayuwarsa yana kallon dambe daga waje, yana tambayar dalilin kowane motsi maimakon ya jira a gaya masa. Ya fara gane amfanin tare naushi da kauce masa, abin da tsoho ya yi shekaru yana faɗa masa. Da ya yi gwaji da Volg a Meziko, kowa ya ga ya fi yadda yake lokacin da yake ƙwararre. Akwai kuma ranar da ya mari Taihei, kafin ya zama ɗalibinsa, da tafin hannu ɗaya har yaron ya suma, abin ya firgita shi kansa ya aske gashinsa ƙwal don nadama. Dodon da Takamura yake magana yana nan a cikinsa, tsoronsa yake ji.

In ka tambaye ni ko zai dawo, ina ganin duk alamun can suka nufa, kuma ina so ya dawo. Amma in ya dawo don Kamogawa ya tsufa yana tausayinsa, ko don wani ya sake miƙa masa amana daga gadon asibiti, to an koma gidan jiya, kuma ranar zan shiga sahun masu cewa an ɓata labarin. Abin da nake jira shi ne ya buɗe baki ya ce shi yake so, ya faɗa wa Kumi da mahaifiyarsa ido da ido, ya san abin da zai iya rasawa.

Kai kuma tun da fim kaɗai ka gani, nemi Champion Road da wasan Kimura da Mashiba, duka na 2003, in ba ka kalle su ba. Na Kimura ɗin zai nuna maka yadda mutum yake in burin nasa ne na kansa, ko da bai kai ba. Sannan ka ɗauki littafin daga bayan wasan Takamura da David Eagle. In ka iso wurin da Miyata ya durƙusa, dakata ka dubi fuskar Ippo da kyau kafin ka juya shafi.